Mutumin da Ya Je Jana'iza Huɗu

Litinin, 4 ga Agusta, 11:20 na safe

"Ki bar shi ya dahu, Malama," in ji Mannir, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa a kan takarduna. "A kashi na takwas za mu wanke shi tas. Sati uku da 'yan kwanaki ne fa. Mi zai same shi?"

Mannir ne furodusan shirina. Ni ke rubutawa, ni ke karantawa, shi ke yankawa ya sa kiɗa. Sunan shirin Teloli Huɗu, kowace Alhamis ƙarfe biyar na yamma. Shekara goma sha biyu da suka wuce, cikin shekara biyu, an kashe teloli huɗu tsakanin Ƙofar Marusa da Gobarau, kowanne a shagonsa, kowanne gab da Sallah, lokacin da teloli ke kwana kan aiki. Ba a ɗauki komai ba. Ba a kama kowa ba har yau.

Kashi uku na farko mutane sun saurara kamar yadda ake sauraron sanarwar ɓatan akuya. Sai na rufe na huɗu da wannan:

"Akwai mutum ɗaya da aka gani a jana'izar su huɗun. Dogo ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma kowane karo shi ne na ƙarshen barin maƙabarta. Ba za mu faɗi sunansa ba."

Sannan shiru na daƙiƙa uku, sannan ƙarar keken ɗinki. Daga Alhamis zuwa yau wayar gidan rediyon ba ta huta ba. Mannir har sabuwar hula ya sa.

Abin da ban faɗa a shirin ba shi ne, mutumin mai haƙar kabari ne. Jana'iza nawa ya je a shekarun nan, ɗari biyar? Dubu? Na zaɓi huɗu.

Ban faɗi sunansa ba.

Talata, 5 ga Agusta, 2:00 na rana

Hadari tun safe, ya ƙi zuba. Na zauna rubuta kashi na shida, na tashi, na wanke kofunan da ba su yi datti ba, na dawo.

A Zariya shekara biyu na yi ina nazarin irin wannan rubutu, har aka ba ni takarda a kai. Dabarar ba ta da wuya. Kafin ka kashe mutum a labari, sai ka sa a so shi: ka faɗi abincin da ya ci da sahur, da rigar yarinyar da bai gama ɗinkawa ba. Abin da ka sani tun farko ka riƙe shi, ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan kamar mai ba mara lafiya kunu. Kada ka rufe kashi da amsa.

Matsalar kisan da ba a gano wanda ya yi ba ita ce ba shi da ƙarshe, kuma mai sauraro ba zai bi ka sati takwas zuwa "Allahu a'alamu" ba. Dole ka ba shi wani mutum ya riƙe a ransa kafin ku isa. Daga baya ka karɓe, ka ce ashe ba shi ba ne. A littattafan da na karanta mutumin yana birni mai mutum miliyan goma, ko ya mutu tuni. A nan yana sayen omo a shagon da nake sayen omo.

Wannan sakin layin ya yi kyau. Ko a taron ƙara wa juna sani za a tafa.

Laraba, 6 ga Agusta, 4:45 na yamma

Wata mata ta jira ni a bakin get ɗin gidan rediyo. Za ta kai shekara talatin, hijabi ruwan toka, hannunta duk tabon mai, irin na masu suyar ƙosai.

"Ke ce mai muryar?"

Na ce ni ce, ina wuni.

"Lahiya. Sunana Tani, ɗiyar Malam Tanko ce ni. Na zo in gyara maki kuskure, Malama. Ƙahwar dama ce, ba hagu ba."

Na ce ai da gangan na canja, don kada a gane shi.

Ta dube ni daga takalmi har tabarau. "Dogo, mai ɗingishi, a maƙabarta. Sai kika canja ƙahwa." Ta ɗan yi dariya. "Allah shi ƙara ilimi."

Na ce ban faɗi sunan kowa ba.

"Ai mutane sun taya ki."

Ta faɗa mani sauran a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Shekara ashirin da shida babanta na haƙa a maƙabartar unguwa, don Allah, abincinsa kuwa a faskare yake samu. Ranar Asabar kwamitin maƙabarta ya karɓe makullin ɗakin da ake ajiye diga da shebur. Wanda ya zo karɓa Alhaji Mustapha ne, yayan Abbas, tela na uku da aka kashe. Tun ranar an yi jana'iza biyu, ba wanda ya aiko a kira shi. Ita ma ƙosanta ya fara kwantai.

Na ce za a gyara a kashi na takwas.

"Yaushe ne takwas?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta gyara hijabi, ta tafi ba sallama.

Alhamis, 7 ga Agusta, 5:40 na yamma

Kashi na biyar ya fita. Muryata ta yi daɗi ƙwarai.

Juma'a, 8 ga Agusta, 9:00 na safe

Inna ba ta sauraron shirina, ta ce ba ta son a riƙa tono matattu ana sa masu kiɗa. Amma maƙwabta a Kambarawa suna kawo mata shi har gida.

Yau tana tsince shinkafa ta ce, ba ta ɗago ba, "Wanda kika ce a rediyo, ba Tanko ba ne?"

Na ce ban ce kowa ba.

"Shi ya haƙa na babanku. Ana ruwa ranar. Kawunku ya ce har ƙugu ya shiga cikin taɓo."

Na ce na makara. Ba inda za ni, kwalejin da nake koyarwa tana hutu. Na tuƙa mota har Ƙofar Marusa, na zagayo, na sake zagayowa, na sayi lemon da ba na so.

Asabar, 9 ga Agusta, 3:15 na rana

Na buɗe hirar da na yi da Hajiya Kulu a watan Mayu. Ita ce mahaifiyar Abbas da Alhaji Mustapha, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, a Gobarau. Minti arba'in da bakwai muka yi. Na yi amfani da minti shida: inda ta yi kuka, da inda ta ce har yau ba ta iya jin ƙarar keke.

Ban buɗe don neman wani abu ba. Na san inda yake. Minti na talatin da ɗaya.

"Tanko kam, Allah shi biya shi. Daren da aka yi abin yana asibiti, diga ta sare mashi ƙahwa wajen haƙa. Da bandeji ya zo ya haƙa na Abbas, an hana shi ya ƙiya. Tun nan ya samu ɗingishin nan. Kowa ya watse ya bar shi yana jera ƙaya kan kabarin, kada karnuka su tona."

A gefen takardata, da jan biro, da hannuna: "A ajiye wa na 8. Zai yi kyau."

Zai yi kyau kuwa.

Litinin, 11 ga Agusta, 12:30 na rana

Na ce wa Mannir mu sa minti na talatin da ɗaya wannan Alhamis ɗin.

"Haba Malama. Ke kika koya mani fa. Kin ce in aka saki zaren da wuri, mi zai ja mutane zuwa shida da bakwai?"

Na ce mutum ne, ba zare ba. Da na ji jimlar a bakina sai ta yi mani kama da abin da ake rubutawa a bayan tifa.

Ya ce Manaja ya riga ya ji, ya tambayi lauya, lauya ya ce tunda ba suna ba laifi. Ya ce to, saboda ni, a matso da shi na bakwai. Ya faɗe shi kamar mai yi mani ragi a kasuwa. Ya ƙara da cewa shi ma yana da tausayi, kakarsa 'yar ƙauye ce.

Na ce ba zan naɗi na shida ba sai da shi.

"Za ki naɗa," in ji shi, yana murmushi. "Kin fi kowa son shirin nan."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba.

Talata, 12 ga Agusta, 10:05 na safe

Tani ta kira. Ban san inda ta samu lambata ba, ban tambaya ba.

Jiya da la'asar a masallacin unguwarsu an tada sahu, na daman Malam Tanko ya matsa, na hagunsa ya matsa. Haka ya yi raka'a huɗu da fili a kowane gefe. Da ya fito wani ya jefe shi, ya same shi a kunne. Mai gidan da suke haya ya ce ba ya son fitina, su tashi kafin Asabar ta sama.

"Ina za ku?"

"Gida mana. Ƙauye."

Ta faɗi sunan ƙauyen. Na san shi daga labaran ƙarfe bakwai. Mutanensa ne ke kwana a tashar mota da buhunansu, su suka gudo, shi kuma can zai koma, da ƙafa ɗaya da rabi.

Na ce ina ƙoƙari.

"To," ta ce. Ta kashe.

Talata, 1:30 na rana

Ban faɗi sunansa ba. Na rubuta don in ga ko har yanzu tana aiki.

Laraba, 13 ga Agusta, 5:00 na yamma

Na yanke maganar Hajiya Kulu, minti huɗu, ba kiɗa ba keke, na tura duk wani zauren WhatsApp da nake ciki: na malaman kwaleji, na 'yan ajinmu, na dangi, har na masu adashen atamfa. Na rubuta a sama cewa mutumin da na ambata mai haƙar kabari ne, ba shi da hannu, kuskurena ne.

Mutum ɗari uku da wani abu sun gani. Uku sun amsa. Ɗaya ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Ɗaya ya turo hannuwan addu'a. Na ukun, lakcara ne mai digiri uku, ya ce, "Hmm. An fara matsa mata lamba ke nan. Lallai akwai magana."

Ƙarshen kashi na huɗu kuwa ya dawo wayata sau tara daga mutane daban-daban, har da wata ƙawar Inna da ke Jidda. Daƙiƙa ashirin da biyu ne. Na gina shi don ya yi tafiya, yana kuwa tafiya. Tsohuwa tana yaba wa mutum minti huɗu, wa zai tura wannan?

Na canja wa gadona wuri. Na maida shi inda yake.

Alhamis, 14 ga Agusta, 5:10 na yamma

Ban je naɗi ba. Na zauna a gida ina jin kaina wata jaruma.

Na manta al'adar gidan. In sabon shiri bai samu ba, ba a barin fili, sai a maimaita wanda masu sauraro suka fi so.

Yanzu haka kashi na huɗu ke fita daga rediyon mai shagon ƙofar gidanmu. Ga ni nan ina cewa dogo ne.

Juma'a, 15 ga Agusta, 11:50 na safe

Na bar mota a bakin titi na shiga lungunan Gobarau da ƙafa, kwata ta cika ta tumbatsa. Hajiya Kulu na kan darduma a tsakar gida, ana shafa mata man zafi a gwiwa. Muka gaisa: kwana, gajiya, damina, Inna, ƙafa, jikoki, aiki, sannan kwana kuma. Duk tsawon gaisuwar ina jin wayar a hannuna kamar garwashi.

Na kunna mata ƙarshen na huɗu. Ba ta taɓa ji ba, jikokinta sun ɓoye mata shirin saboda hawan jini. Na faɗa mata makulli, da sahu, da kunne, da Asabar.

Ta gyara zama a kan dardumar.

"Ba na hwaɗa maki zancen asibiti ba?"

"Kin faɗa, Hajiya."

"Na'urar ce ba ta ɗauka ba?"

"Ta ɗauka."

"To ina kika kai shi?"

Na ce na ajiye shi sai ƙarshe. Ta tambayi dalili. Na yi shekara goma ina bayyana wa ɗalibai dalilin, da alli da allo. Na ce, don mutane su ci gaba da saurare.

"Ikon Allah," ta ce. Ta juya ga mai shafa mata mai. "Kira mani Mustapha."

Ya shigo da shirin masallaci, farar shadda, turare ya riga shi isowa. Da ya gan ni fuskarsa ta canja.

"Makullin Tanko na wurinka?"

"Hajiya, kwamiti ne ya..."

"Kai na tambaya."

"Yana wurina. Hajiya, shekara goma sha biyu ba wanda ya ce mana komi. 'Yan sanda ba su ce ba, gwamnati ba ta ce ba. Sai ga rediyo ta ce ga mutum. Mi kike so in yi? Ita ta hwaɗa." Ya nuna ni da carbi. "Ita da ta yi bincike."

"Kai ba ka nan ranar? Wa ya riƙe maka hannu ka sauka cikin ramin ka karɓi ƙanenka?"

Idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga kai yana duban rumfa.

"Ba za ka aika ba," in ji ta. "Da hannunka za ka kai mashi. Ka ɗauke shi a motarka ku tahi Juma'a, ba masallacinku na manya ba, nasu. Ka tsaya kahwaɗarka na taɓa tashi. In an sallame kada ka yi saurin tashi, ka zauna a gan ka."

"Hajiya, mutane za su ce..."

"Su ce. Uwar mamacin ce ta aike ka."

Ya fita. Na fara godiya, ta ɗaga hannu.

"Ke kuma, 'yar nan, muryata da kika ɗauka, ki maido mani abata. Kukan da na yi na ɗana ne, ban yi shi don a ja mutane ba."

Na ce to. Na goge a gabanta, ta sa jikarta ta duba ko na goge da gaske.

Juma'a, 4:20 na yamma

Ban gani ba, ba wurin zuwana ba ne. Inna ta ji daga matar mai shago, ita kuma daga mijinta: sun zo tare, sun tsaya tare, bayan sallama Alhaji Mustapha ya zauna har masallaci ya kusa watsewa, hannunsa cikin na Tanko. Wai wasu sun zo sun gaisa. Wai wasu sun bi ta ɗaya ƙofar.

Asabar, 16 ga Agusta, 10:30 na safe

Na faɗa wa Mannir ba muryar Hajiya, ba tawa. Ya ce akwai kwafi a kwamfutar ofis. Na ce ya je Gobarau ya faɗa mata haka da bakinsa. Ya ce zai nemi wata mai karatu, muryoyi sun yi yawa a garin nan. Ya tambaya ko zan bar masa rubutun shida da bakwai, tunda na riga na yi wahalarsu.

Suna cikin jakata. Shida ya fi duk sauran kyau. Ban ba shi ba, ban kuma yaga ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, 5:30 na yamma

Tani ta yi mani kwatance a taƙaice, kamar mai fatan in ɓata. Ɗaki biyu ne a bayan wani gareji, ƙofar langa-langa. A tsakar gida buhuna uku a ɗaure, ɗaya an kwance shi rabi, tukwane sun leƙo. Mai gidan ya ce su zauna tukuna, a ga yadda gari zai yi.

Malam Tanko na zaune kan turmi yana wasa bakin diga da dutse. Auduga a kunne. Ya fi yadda na faɗa tsawo. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganinsa kusa ba, daga bakin mutane na rubuta shi.

Na durƙusa. "Baba, ina wuni."

Ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi Inna da sunan babana, ya yi masa addu'a. Ya ce da safe an kira shi, wata jaririya a Ƙofar Marusa. Ƙasar ta yi taushi bana.

Na ce na zo neman gafara. Na shirya jimloli a mota, ban kai ta biyu ba.

"Allah shi yahe mana baki ɗai," ya ce, ya ci gaba da wasa digarsa.

Na ce zan nemi fili a wata tashar in faɗi sunansa, in wanke shi kowa ya ji.

"A'a. A'a, Malama, don Allah. A bar sunan nan shi huta."

Tani na tsaye bakin ɗaki, hannu a harɗe.

"Ni ma ina saurare ai," ya ce. "Tun na hwarko. Duk Alhamis nan nike zama. Da kika ce akwai wani mutum, wallahi har gabana ya hwaɗi, na ce wa Tani, to, Allah ya tona asirinshi. Ina ta tunani wane ne wanga da ban lura da shi ba, ni da ke wurin. Sai da gari ya waye na ga yadda ake dubana."

Ya gwada bakin digar da babban yatsa.

"To amma tunda kin zo. Ni na sa yaran nan huɗu a ƙasa, ina son in sani kahin in mutu. Ba sai Alhamis ba, ba zan hwaɗa ma kowa ba. Wa ya kashe su?"

Na ce ban sani ba.

Ya ajiye dutsen. "Ba ki sani ba?"

"Ba wanda ya sani, Baba."

"Tun da kika hwara?"

"Tun da na fara."

Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne. Ya dubi Tani. Ya ɗauki dutsen ya ci gaba.

"Malama, magariba ta kusa," in ji Tani.

Ba ta kusa ba. Na tashi, na yi masa sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ta raka ni har ƙofa, ba don girmamawa ba, ƙofar ce ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Na tsallaka kwatar. Na ji ta ɗaga, ta tura, ta sa sakata.

Na tafi neman inda na bar motar.